Mai Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

(Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan a sassauta shi.)

Jama'a masu sauraronmu, na cikin garin Gaya da na Kademi da Shagogo da Gamarya da Balan, da 'yan'uwanmu na Ajingi da Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa, da duk wanda muryarmu ta riske shi, ko yana zaure, ko yana bakin shago, ko yana kan hanyar komowa daga gona,  muna roƙon ku ara mana kunnuwanku na ɗan lokaci, domin maganarmu ta yau ta shafi aljihun kowane magidanci, ta kuma shafi abin da ya fi aljihu nauyi, watau haƙƙi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan hatsi ranar kasuwa, musamman a farkon kaka, sa'ad da sabon gero ya sauko, gyaɗa ta bushe, wake ya fara shigowa a kan amalanke, ya san cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai mudu ya shiga tsakani. Mai saye yana tsugune yana kallon hannun mai awo, in ya ga an bubbuge gindin kwano ko an zaftare tsororo, nan take zai yi magana, jama'a kuma su shaida masa, domin abin a fili yake. Amma ga shi zamani ya kawo mana wata haja wadda ba ta da launi balle a gane ta, ba ta da nauyi balle a ɗora ta a kan mizani, ba a tara ta a buhu, ba a juye ta a kwano, alhali kuwa kullum muna sayenta, mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara da mai cajin waya duk da ita suke neman abinci. Wannan haja ita ce wutar lantarki, mudunta shi ne mita, kuma akwai wani bawan Allah da aka ɗora wa kula da wannan mudu, ya kafa shi, ya gwada shi, ya tsare shi daga masu tauye shi. Shi ne injiniyan mita, wanda mu a ƙauye muke haɗa shi da sauran abokan aikinsa mu kira su duka 'yan NEPA.

Sha'anin awo kuwa, jama'a, addininmu bai ɗauke shi da sauƙi ba. Mun ji a wurin malamanmu cewa mutanen Madyana, waɗanda aka aiko wa Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga cikin manyan laifuffukan da suka jawo musu halaka har da tauye mudu da mizani. Mun kuma san akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifina, wadda aka sa mata sunan masu wannan hali, waɗanda ke cikawa in za su karɓa, su rage in za su bayar. Saboda haka ne daulolin Musulunci, har da tamu ta Sakkwato, suka riƙa naɗa muhtasibi, wanda daga cikin aikinsa akwai zaga kasuwa yana duba ma'aunai, domin kada mai ƙarfi ya ci haƙƙin mai rauni, kada kuma mai wayo ya ci na mai ƙarfi. Wanda ya lura zai ga injiniyan mita wani reshe ne na wannan tsohon aiki, sai dai kasuwarsa ta bazu a kan turakun waya, daga wannan ƙauye zuwa wancan.

Kafin mu bi shi zuwa wurin aikinsa, ya kamata mu san inda hajar take fitowa. Wutar da ke kunna ƙwan fitila a Gaya tafiya ce mai nisa ta yiwo. Wani kaso nata daga madatsun ruwa yake, kamar Kainji da aka gama a 1968, da Jebba, da Shiroro. Mafi yawanta kuma daga tashoshin iskar gas na kudancin ƙasa. Takan taso da ƙarfin bolt 330,000 a kan dogayen hasumiyoyin ƙarfe har ta sauka a Kumbotso, kusa da birnin Kano, a rage ta zuwa 132,000, a sake rage ta zuwa 33,000, sa'an nan ta kamo hanyar ƙauyuka. Taransifomar unguwa ita ce mataki na ƙarshe, inda take komawa wajen bolt 230, gwargwadon abin da kayan gida ke iya ɗauka. Masu riƙe da ita ma sun sha canjawa: ECN tun farkon shekarun 1950, NEPA daga 1972, PHCN daga 2005, har ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa rarrabawa ga kamfanoni, jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. A kowane mataki na wannan tafiya wani yana sayar wa wani, a kowane mataki kuma akwai mita. Kamfanin da ke auna mana, shi ma auna masa ake yi.

To, mene ne ake aunawa? Kowane kayan lantarki yana da cinsa, wanda ake rubutawa a jikinsa da lissafin wat. Abin da ke cin wat 1,000, in ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha yunit ɗaya ke nan. Dutsen guga mai wat 1,000 yakan shanye yunit cikin awa guda. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100 sai ya yi awa 10. Ƙwan zamani mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya shanye wannan yunit ɗin. Abin mamaki, farkon mitar da aka yi amfani da ita wajen karɓar kuɗi da mizani na sosai ake karanta ta. A birnin New York na Amurka, inda Thomas Edison ya buɗe tashar wutarsa a 1882, an riƙa ajiye wa mai saye kwalba mai ruwan magani da faranti biyu na tutiya a ciki. Muddin wuta na wucewa, tutiya na barin wannan faranti tana liƙewa a wancan, in wata ya ƙare ma'aikaci ya zo ya ɗauki farantan ya auna nauyinsu, da haka a san abin da mutum ya sha. Kafin shekarun 1880 su ƙare aka ƙago mita mai faifai mai juyawa, irin wadda dattawanmu suka sani. Ta yau kuwa ba ta da faifai, ƙwaƙwalwa gare ta, da ɗan jan haske mai ƙiftawa, an kuma rubuta a fuskarta yawan ƙiftawar da ke cika yunit ɗaya. Wadda ake zuba wa lambobi 20 kafin a sha, ita ce mutane suka yi wa laƙabi da iya kuɗinka iya shagalinka.

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Injiniyan mita na birni, in ya shiga layi guda, yana iya gama gida ashirin kafin azahar, domin gidajen a jere suke, kowanne da lambarsa. Na karkara kuwa, wanda aka ba ƙasa mai faɗi irin ta Gaya da Ajingi, inda ake barin kwalta a bi burji, a bar burji a bi turbar shanu, a tarar da gida goma a nan, a yi tafiyar rabin sa'a kafin a tarar da wasu goma, rabin yininsa a kan babur yake ƙarewa, da jakar kayan aiki a baya da takardun mutane a ƙirji. Ba shi da lambar gida da zai nema, sai dai a ce masa gidan da ke bayan masallacin Juma'a, ko na gabas da rijiya, kusa da tsamiya. In mai hankali ne, ba ya fara taɓa waya sai ya fara taɓa zukata: ya tsaya ƙofar mai unguwa ko dagaci, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki ne ya kawo mu," a haɗa shi da yaro ɗan jagora. In ya isa gida ya yi sallama a zaure, ya jira maigida ya fito, in kuwa dole sai an shiga ciki, a aika a ce wa matan gida su kimtsa. Wanda ya raina wannan ladabi, kome iliminsa, zai tarar ƙofofi suna rufuwa a gabansa. Wanda ya kiyaye shi kuwa, har ruwan randa za a kawo masa, a kuma gaya masa abin da na'urarsa ba za ta gaya masa ba.

Abokan gāban mita a ƙauye suna da yawa, kuma ba duka ne 'yan Adam ba. Zafin bazara yana dafa akwatinta har lambobin fuskarta su dushe; ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa; da damina iskar hadari tana kayar da turaku, gara tana cin gindin na katako, tsawa kuma in ta faɗa kan layi tana iya ƙone mitoci da dama a dare ɗaya. Zanzaro yana gina ɗakinsa a cikin akwatin, ƙadangare yana shiga neman ɗumi ya haɗa waya da waya. Sa'an nan ga tsawon layin kansa. Manomin rani ya san cewa ruwan da ya saki a bakin rijiya ba shi ne ke isa fangali na ƙarshe ba, domin ƙasa tana shan rabonta a hanya. Haka waya take, gwargwadon tsawonta da sirantarta gwargwadon abin da take ɓatarwa ya zama zafi. Shi ya sa mutanen ƙarshen layi sukan ga ƙwansu ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi da ƙyar, injin niƙa yana gurnani yana zafi. Aikin injiniya ne ya auna wannan, ya rubuta, ya kai wa na gaba da shi, ya kuma raba gidajen unguwa daidai a kan wayoyi uku na taransifoma, kada ɗaya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta.

Bari mu kawo misali da irin ƙarar da ake kai masa kusan kowane mako. Ga wani dattijo, ya sayi wuta ranar Juma'a, kafin Talata ta ƙare, alhali ba shi da kome sai ƙwai uku da fanka da rediyo. Ya tare injiniya da ɓacin rai ya ce, "Yaro, wannan akwatin naku ɓarawo ne." Injiniyan kirki ba ya musu, ba ya kuma rantsuwa, sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, mu gwada shi a gabanka." Ya sa a kashe kome, a zare kowane soket, su tsaya su biyu suna kallon jan hasken nan; in mita lafiyarta ƙalau kuma ba abin da ke jan wuta, wajibi ne ƙiftawar ta tsaya. Sai ga shi ba ta tsaya ba. Ya ɗauko mitar gwajinsa, wadda aka riga aka tabbatar da ingancinta, ya jona ta tare da ta gidan, su ƙidaya tare; irin mitar da ake sa wa gidaje ba a yarda kuskurenta ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Lissafi ya zo ɗaya. Ashe dai mita gaskiya take faɗa, wuta tana fita, sai dai ba a san inda take zuwa ba. Ya bi waya taku-taku har ya iske inda rigarta ta tsufa ta tsage, tana taɓa kwanon rufi, wuta na zurarewa ta jiƙaƙƙen bango zuwa ƙasa. Nan uwargida ta ce daga bayan labule, dama yara sun yi kwana biyu suna cewa kwano yana jan su. Jama'a, wannan gwaji na rabin sa'a ya tsare kuɗin dattijo, ya wanke mita daga zargi, mai yiwuwa kuma ya tsare ran yaro. Hausawa suka ce zato zunubi, maganinsa kuwa a gwada a idon mai ƙara, domin gani ya kori ji.

Akwai kuma ranar da laifin ba na tsohuwar waya ba ne. A jikin taransifoma akan kafa babbar mita wadda ke auna duk abin da ya shiga unguwa. Injiniya yakan tara abin da mitocin gidaje suka nuna, ya ƙara ɗan abin da waya ke sha bisa al'ada, ya gwama da abin da babbar ta nuna, in ya ga giɓi mai faɗi ya san akwai inda ake ɗiba ba da mudu ba. Wani yakan zagaye mita da waya ta bayan bango, ya bar mata ƙwan fitila ya ɗora hita da injin a kan ɓoyayyen layi; wani yakan karya hatimin da aka ɗaure ta da shi; wani yakan maƙala ƙugiya da dare ya cire da asuba. Masu yin haka sukan ce ai kayan gwamnati ne, ko su ce kamfani ma cutarmu yake yi. Amma mu tsaya mu duba wa abin yake faɗa wa. Taransifoma tana da iyakar abin da take ɗauka. In kayan da ba a san da su ba suka yi mata yawa ta ƙone, duhun ba ya zaɓen gidan mai ƙugiya, har masallaci da ɗakin haihuwa da mai sayar da ƙanƙara da bai ci ba bai sha ba duk sai sun ɗanɗana, wani lokaci wata da watanni. Ga kuma hatsarin rai, domin mun sha jin labarin wanda ya ɗauki gora zai canja layi, ko ya hau turke da jiƙaƙƙen hannu, aka sauko da gawarsa. Allah ya kiyashe mu da mummunan ƙarshe.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidaje masu yawa a karkara har yau ba su da mita, takardar ƙiyasi ake kawo musu, a rubuta musu adadi ko sun sha ko ba su sha ba, ko da kuwa wutar kwana goma kacal ta yi a watan. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi magana a kan cinikin juzafi, watau sayar da abu a tsibi ba tare da awo ba, suka halatta shi da sharuɗɗa, daga ciki har da a ga kayan da ido, ya zama mai saye da mai sayarwa duka ba su san adadinsa ba kuma duka sun iya kintace, ƙasar da tsibin ke kai ma ta zama shimfiɗaɗɗiya. Fatawa ta malamai ce, amma ko almajiri ya ga cewa hajar da ido ba ya gani ta fi kowace haja bukatar mudu. Hukuma ma ta gane haka. Hukumar NERC, mai sa ido a kan sha'anin wuta, ta fitar da tsari a 2018 wanda ya ba mutum damar biyan kuɗin mita a kafa masa, daga baya kuma aka ƙa'ide cewa za a mayar masa da kuɗinsa sannu a hankali ta hanyar yunit. A watan Fabrairu na 2020 ta sa iyaka ga takardar ƙiyasi, kada ta wuce gwargwadon abin da masu mita irinsa ke sha a yankinsa. A ƙarshen shekarar 2020 ɗin kuma gwamnatin tarayya ta fara rabon mitoci ba tare da an karɓi kuɗi a hannu ba. An kuma kasa layuka aji biyar bisa sa'o'in da aka yi alkawarin ba su a yini: 20, da 16, da 12, da 8, da 4, kowane aji da farashinsa, kuma mitar da ke bakin layi ita ce shaidar ko an cika alkawari. Wanda yake ganin an zalunce shi, ya rubuta ƙara ga ofishin kamfani, ya riƙe kwafi. In bai gamsu ba, akwai zauren sauraron ƙorafi na NERC a Kano.

Wani abu ya faru a 2024 wanda ya nuna yawan abin da ke wuyan waɗannan ma'aikata. Tsarin lambobi 20 ɗin nan, wanda aka ƙago a Afirka ta Kudu, yana ɓoye lissafin mintoci a cikin kowace lamba, a da ana ƙirgawa ne tun daga farkon shekarar 1993, domin kada a zuba lamba ɗaya sau biyu. Ma'ajin wannan lissafi yana da iyaka, kuma an san zai cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Aka ce daga ranar, duk mitar da ba a sabunta ba za ta daina karɓar sabuwar lamba. Maganin abin sauƙi gare shi, a zuba wasu lambobi na musamman kashi biyu, a jere, ba a saɓa ba. Amma sauƙin a wurin mai karatu yake. A garin da tsohuwa ke jiran jikanta ya taso daga makaranta ya danna mata lamba, inda layin waya ma sai an fita bayan gari ake samu, wannan ɗan aiki ya zama yawo gida-gida da bayani baki da baki.

Yanzu mun zo kan ƙashin bayan maganar. Ma'aikacin banki yana da na'urar ɗaukar hoto a kansa, malamin makaranta yana da hedimasta a kusa, amma injiniyan mita, sa'ad da yake tsaye a bayan wani injin niƙa a ƙauyen da shugabansa bai taɓa takawa ba, ya ga ɓoyayyar waya, mai injin kuma ya matso ya ce, "Injiniya, a rufa asiri, ga na goro," ko ya sa a ɗaure masa zakara a bayan babur, babu mai ganinsa sai Allah. In ya karɓa, ya sayar da mudun da aka ba shi amana, kuma daga ranar ya zama bawan wanda ya ba shi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka kuma in ya tarar mita ta lalace tana ƙirga wa talaka fiye da abin da ya sha, ya yi shiru don kada lissafin ofis ya ragu, shi ma tauye mudu ne, ba bambanci. Albashinsa daga ɓangare ɗaya yake fitowa, amma shaidarsa ta ɓangare biyu ce, kuma nauyin aikin ke nan. Mu ma jama'a muna da rabonmu a ciki: mai bayarwa da mai karɓa duka shari'a ta haɗa su a laifin rashawa, kuma garin da ya saba wa ma'aikata da na goro, shi da kansa yake koya musu su daina aiki sai da shi.

Ga samarinmu kuma, da iyayensu, muna da kira. Riwaya ta zo cewa maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala daga Gaya suka tashi suna neman tama, har yau kuma ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Ashe ke nan sarrafa ƙarfe da wuta gādo ne a wannan ƙasa. Hanyar koyon wannan sana'a ba ta da nisa da mu: ga kwalejin koyon sana'a ta gwamnati a Wudil, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a can Wudil ɗin, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da Jami'ar Bayero a birni, ga cibiyar NAPTIN mai horar da ma'aikatan wuta, ga kuma hukumar NEMSA wadda ke gwada mitoci kafin a kafa su, take kuma ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa. Abin da ake bukata shi ne lissafi, da natsuwa, da haƙurin yin bayani sau goma, da tsoron Allah. Aikin kuwa ba mai ƙarewa ba ne, domin ko ƙananan tashoshin hasken rana da ake kafawa a ƙauyuka yanzu, da mita suke sayar da wutarsu. Ɗan gari wanda ya san kowace turba, ya san gaisuwar kowane zaure, wanda kuma zai ji kunyar a ce ɗan gidan wane ya ci haram, ya fi kowa dacewa da riƙe wannan mudu.

Kafin mu yi sallama, ga abin da muke so kowane magidanci ya yi a daren nan in an kawo wuta. Ya kashe kome na gidansa, ya je ya tsaya gaban mitarsa ya dubi jan hasken nan. In ya tsaya, alhamdu lillahi, in kuwa yana ƙiftawa, ya nemi ƙwararre gobe, kada ya taɓa da kansa. Ya rubuta lambar mitarsa a takarda ya adana, ya riƙa ajiye rasiɗin duk abin da ya biya, kada ya ba kowa kuɗi hannu da hannu ba rasiɗi, kada kuma ya bar kowa ya karya hatimi sai ma'aikacin da ya nuna katin shaidarsa. In kuwa akwai wata waya a bayan bango wadda shi kaɗai ya san da ita, to, ya tuna akwai ranar da za a kafa mizanin da ba a zagaye shi, ya sa a cire ta tun yana da iko. Sa'ad da kuma kuka ga mutumin nan ya sauka daga babur, fuska duk ƙura, ku amsa masa sallama, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku ce ya gwada muku mudun a gabanku. Haƙƙinku ne, shi kuma aikinsa ne.

Allah ya ba mu ikon cika awo in mun bayar, da tsayawa ga haƙƙinmu in mun karɓa, ya tsare ma'aikatanmu a kan turaku da kan hanya, ya sa albarka a cikin abin da muka noma. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri.)